Koren Soja a Jikin Tsofaffin Motocin Barikin Kaduna

Kaduna gari ne da ya tashi tare da soja. Tun kafin Turawan mulkin mallaka su ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, rundunarsu ta Afirka ta Yamma, WAFF, ta kafa sansani a arewacin kogin Kaduna. Barikokin Dalet da Kalapanzin kuwa sunayen wuraren da sojojinmu suka fafata ne a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Motocin da suka yi wa waɗannan barikoki hidima duk kore ne a idon mai wucewa, amma ba kore iri ɗaya ba.

Sojan Ingila, wanda namu ya gaji tsarinsa, ya sha sauya launi. A 1939 kore mai ratsin kaki ake shafawa. Da sinadarin haɗa koren fenti ya yi ƙaranci, sai aka koma ruwan ƙasa wajen 1942. A 1944 aka ɗauko kore mai duhu irin na Amurka, don kada a riƙa sake wa motocin da ta aiko fenti. Bayan yaƙi aka koma kore mai sheƙi, wanda lambarsa 224 a kundin launukan Ingila. Shi ne launin zamanin Land Rover da motocin sulke ƙirar Ferret, irin waɗanda rundunar sintiri ta Kaduna ta yi aiki da su ƙarƙashin Manjo Hassan Usman Katsina kafin Janairun 1966.

Shi ya sa mai son maido wa tsohuwar mota kamanninta ba ya yarda da abin da ya gani a bonet. Rana da hunturu sun riga sun koɗar da shi. Sai ya kwance marfin ƙofa, ko ya leƙa ƙarƙashin kujera inda haske bai taɓa kaiwa ba. Ya sa samfefa mai laushi da ruwa, yana gogawa a hankali har shafe-shafen su fito a jere: na gwanjo a sama, na bariki a tsakiya, na kamfani a can ƙasa kan jan fentin hana tsatsa. Da wannan ɗan gurbi zai je wurin mai haɗa fenti, a ɗiga baƙi, a ƙara rawaya, a gwada a kan gwangwani, a jira ya bushe, don ɗanyen fenti kan yaudari ido.

Akwai kuma doka. Tun 1977 aka haramta wa farar hula tuƙa mota mai koren soja a Najeriya. Motar da aka saya a gwanjon bariki dole ta sauya riga kafin ta hau titi, wadda ta ƙi tashi kuma ta ƙare a hannun maƙeran kasuwar Panteka. Waɗanda suka tsira da launinsu na soja su ne na girke a ƙofofin barikoki, kuma su ne suka fi bukatar a binciki fentinsu na farko kafin a sake shafa musu wani.