Girka Manhajojin Nazarin Nasabar Halittu Domin Koyarwa a Manyan Makarantun Potiskum: Hujjar Kundin da Ba Ya Dogara da Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsalar girka manhajojin nazarin nasabar halittu da sauye-sauyen ƙwayoyin gado domin kwas na aiki da kwamfuta a manyan makarantun Potiskum ta Jihar Yobe. An bi bayanan da masu manhajojin suka wallafa a kan buƙatunsu, da sakamakon binciken cututtuka da aka yi a Najeriya, aka auna su da yanayin lantarki da intanet da kwamfutocin ɗalibai. Matsayar maƙalar ita ce girkawa sashe ne na tsara kwas, kuma abin da ya dace shi ne ƙaramin kundi mai tsayayyar siga, wanda aka gwada tun kafin zangon karatu, yake aiki ba tare da intanet ba. An kawo suka guda huɗu an kuma amsa su.

Muhimman kalmomi: nasabar halittu, manhaja, jerin DNA, koyarwa, Potiskum

1.0 Gabatarwa

Nazarin nasabar halittu fanni ne da ke kwatanta jerin DNA na halittu daban-daban domin gano wanda ya fi kusa da wani da kuma inda suka rabu, sannan a zana sakamakon a siffar bishiya. Aikin ya fi ƙarfin alƙalami da takarda. Idan samfura goma ne kacal, bishiyoyi marasa tushe da za su iya haɗa su sun kai 2,027,025, masu tushe kuwa 34,459,425, kuma adadin yana ninkuwa ninkin-ba-ninki da kowane samfur da aka ƙara. Shi ya sa tarihin fannin ya tafi kafaɗa da kafaɗa da tarihin manhajojinsa. Joseph Felsenstein ya fara rarraba PHYLIP a 1980, ya bayyana hanyar zaɓen bishiyar da ta fi rinjayen yiwuwa a 1981, ya kawo gwajin maimaita ɗiban bayanai domin auna ƙarfin rassa a 1985. Saitou da Nei sun wallafa hanyar haɗa maƙwabta a 1987, MEGA ta fito a 1993, MrBayes a 2001, IQ-TREE kuma aka wallafa bayaninta a 2015. Ɗalibin da bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan da hannunsa ba, ya ji labarin fannin ne kawai. Duk da haka, a wajen tsara kwas akan tattauna abin da za a koyar da wanda zai koyar, a bar batun yadda manhajar za ta hau kwamfutar ɗalibi sai ranar farko ta aikin ɗakin gwaji. Wannan maƙala tana nuna cewa a gari irin Potiskum wannan sakaci shi ke yanke hukuncin ko kwas zai yi rai ko a'a.

2.0 Dalilin Koyar da Fannin a Potiskum

Amfanin fannin ga wannan yanki abu ne da ke rubuce a tarihin lafiyar Najeriya. A watan Agustan 2016 aka sake samun cutar shan inna ta asali a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere na Jihar Borno, bayan shekara biyu ba a ga ko mutum ɗaya ba a ƙasar. Kwatanta jerin ƙwayar cutar ya nuna cewa ta fi kusa da wadda aka gani a Borno a 2011, ma'ana ta yi kusan shekara biyar tana yawo a wuraren da masu rigakafi ba sa iya shiga. Lokacin da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, binciken Ducatez da abokan aikinsa da aka buga a mujallar Nature a wannan shekara ya nuna cewa cutar ta shigo ƙasar fiye da sau ɗaya, ta zuriya daban-daban. A 2018 kuma, da zazzaɓin Lassa ya yi tsanani, jerin da masu binciken cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede da abokan aikinsu suka karanta ya nuna cewa yawancin kamuwar daga ɓera take zuwa, ba wani sabon nau'i ne ke bin mutane ba. A kowane ɗaya daga cikin misalan nan uku, bishiyar nasaba ce ta gaya wa hukuma inda za ta sa ƙarfinta.

Potiskum tana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, inda dabbobi daga Nijar, Chadi, Kamaru da sassan Arewa ke haɗuwa kafin a loda su a tireloli zuwa Kudu. Inda dabbobi ke cakuɗuwa, nan cututtukansu ke cakuɗuwa. Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, ana rarrabe zuriyarsa ne da jerin sashen VP1 mai haruffa ɗari shida da 'yan kai, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta daɗe tana cikin wannan aiki. Garin yana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, wadda ke horar da malaman kimiyya, ga Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu mai nisan kimanin kilomita 100, ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a arewacin jihar. Ɗalibai da tambayoyin bincike duk suna nan. Abin da ya rage shi ne kayan aikin su kai hannunsu lafiya.

3.0 Inda Girkawa Ke Cijewa

Kusan dukkan manyan manhajojin fannin kyauta ne, don haka kuɗin lasisi ba shi ne cikas ba. Cikas na farko shi ne dogaro: FigTree da ake kallon bishiya da ita, da BEAST da ake ƙiyasta shekarun rabuwar zuriya da ita, suna buƙatar Java, kuma sigar Java da ba ta dace ba takan hana su buɗewa ba tare da wani bayani da ɗalibi zai gane ba. Na biyu shi ne bambancin na'urori. Yawancin kwamfutocin ɗalibai na hannu ne da aka sayo kwance, wasu da tsohuwar Windows mai tsarin bit 32, alhali sababbin sigogin manhajoji don bit 64 ake yin su. Ko Windows 10 ma Microsoft ta daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoban 2025. Na uku shi ne izini, domin kwamfutocin ɗakin gwaji kan kasance a kulle da kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya, idan ba ya nan babu abin da zai hau. Na huɗu shi ne saukewa: ɗalibai arba'in da ke jan fayil ɗaya a lokaci ɗaya ta layi ɗaya sukan cinye awannin darasi, idan wuta ta ɗauke a tsakiya kuma a koma farko.

Akwai cikas na biyar da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Tsarin Newick, wanda ake adana bishiya da shi, yana amfani da baka, waƙafi, ruwa biyu da waƙafi mai ruwa a matsayin umarni. Sunan samfur mai ɗauke da alamar hamza, ko sarari, ko haruffa masu lanƙwasa irin ƙ, ɗ da ɓ, yana iya sa manhaja ta ƙi karanta fayil ko ta datse sunan. Haka nan tsohon tsarin PHYLIP haruffa goma kawai yake bai wa suna, sai samfura biyu masu farkon suna iri ɗaya su rikiɗe su zama ɗaya. Ɗalibin da ya gamu da wannan a makon farko yakan ɗauka cewa shi ne bai iya ba, alhali ƙa'ida ce ta layi ɗaya da ya kamata a rubuta masa tun farko.

4.0 Kundin da Ake Ba da Shawara

Tun ran gini tun ran zane. Shawarar wannan maƙala ita ce malami ya haɗa kundi ɗaya a kan filash makonni kafin a buɗe zango, ya ƙunshi manhajoji kaɗan, kowace da aikinta: MEGA domin shiga fannin ta hanyar danna maɓalli, MAFFT domin daidaita jeri, IQ-TREE domin gina bishiya da zaɓen ƙa'idar sauyin haruffa, sai FigTree tare da sigar Java da aka tabbatar tana tafiya da ita. IQ-TREE tana da siffofi biyu da suka dace da yanayin garin. Ana kwance ta daga ƙunshinta a yi aiki da ita ba tare da neman izinin ma'aikacin ɗaki ba, kuma tana ajiye inda ta tsaya lokaci zuwa lokaci, ta yadda idan wuta ta ɗauke sai a sake ba ta umarnin ta ci gaba daga nan. A rubuta lambar sigar kowace manhaja a takardar kwas, kada a sauya ta har a yi jarrabawa, domin idan sigogi suka bambanta sakamako na iya bambanta, malami ya kasa sanin ko kuskuren ɗalibi ne ko na kayan aiki. A gwada kundin a kan kwamfuta mafi rauni da ake da ita, domin abin da ya yi aiki a kanta zai yi a kan sauran. A kuma tace filashin daga cutar kwamfuta, a hana kai shi shagunan buga takardu.

Bayanan da za a yi aiki da su suna cikin kundin, kuma nan ne girkawa ke haɗuwa da koyarwa. Rumbun GenBank, wanda aka kafa a 1982, yana ɗauke da jerin ƙwayoyin cututtuka da dabbobin Najeriya, kuma kowa na iya saukewa kyauta. Jeri talatin na VP1 ba su wuce kilobait ashirin ba, kuma tsohuwar kwamfuta za ta gina bishiyarsu cikin mintuna. Shanun yankin ma darasi ne. Tun binciken Loftus da abokan aikinsa na 1994 aka san cewa shanun Afirka masu tozo suna ɗauke da DNA na wajen uwa irin na shanu marasa tozo, abin da ke nuna cewa jinin masu tozo ya shigo ne galibi ta bijimai. Ɗalibin da ya san Bunaji da Rahaji da Wadara da ido, idan ya ga bishiyar wajen uwa ta saɓa wa abin da siffa ke nunawa, ya fahimci cewa bishiyar ƙwayar gado ɗaya ba ita ce tarihin zuriya gaba ɗaya ba. Wannan yana cikin ƙa'idodi mafiya wuyar shiga kai a fannin.

5.0 Suka da Amsoshinsu

Suka na farko shi ne akwai shafuka irin Galaxy da NGPhylogeny.fr da ke yin aikin a intanet ba tare da girka komai ba. Gaskiya ne, kuma suna da amfani ga manyan bayanai. Sai dai suna mayar da nauyin kan kuɗin data na ɗalibi, aikin kan shiga layi ya jira, kuma ranar da layin sadarwa ya yanke ajin ya tashi ke nan. Wurinsu shi ne darasi ɗaya a ƙarshen zango. Ko kwas ɗin share fage na H3ABioNet, wanda ya fara a 2016 ana koyar da shi daga nesa a ƙasashen Afirka da dama, ya tanadi azuzuwa na gida masu mataimakan malami da kayan aiki da aka shirya tun da wuri.

Suka na biyu shi ne MEGA kaɗai ta isa. Ta isa ga makonnin farko. Amma ɗalibin da ya tsaya ga danna maɓalli yakan manta zaɓin da ya yi, ya kasa maimaita sakamakonsa, alhali umarnin da aka rubuta a layi shi kansa shaida ne da wani zai iya bi ya duba. Binciken da ba a iya maimaitawa ba shi da nauyi a wajen masana, kuma a aji ake fara koyon wannan ladabi.

Suka na uku ya fi ƙarfi: idan an shirya wa ɗalibi komai, ba zai koyi girkawa ba, ga shi kuwa zai buƙace ta bayan ya gama. Amsar tana cikin jerin lokaci. Wanda ya riga ya san yadda sahihin sakamako yake shi ne zai gane lokacin da girkawa ta lalace. Don haka a ware darasi na musamman a kashi na biyu na zango, inda kowane ɗalibi zai girka manhaja ɗaya da kansa, ya gwada ta da bayanan da ya riga ya san amsarsu, a kuma nuna masa tsarin Bioconda da masu bincike ke amfani da shi wajen girka manhajoji. Ta haka girkawa ta zama abin da ake koyarwa a ba shi maki, ta daina zama shingen da ke korar ɗalibai a ƙofa.

Suka na huɗu shi ne ina amfanin koyon nazarin jeri a inda na'urar karanta DNA ta yi ƙaranci. Karanta jeri da fassara shi ayyuka biyu ne mabambanta. Ana iya aika samfur wata cibiya a karanta, sakamakon ya dawo a matsayin ƙaramin fayil. Wanda zai fassara shi da sanin hanyoyin da shanu ke bi da lokutan da makiyaya ke ƙaura, ɗan yankin ya fi kowa cancanta. Idan ba a horar da shi ba, yankin zai ci gaba da ba da samfur, wasu su rubuta sakamako.

6.0 Kammalawa

Hujjojin da aka kawo sun nuna cewa abin da ke tsakanin ɗalibin Potiskum da wannan fanni ba shi da tsada: manhajoji kyauta ne, bayanai kyauta ne, kuma aikin aji bai fi ƙarfin tsohuwar kwamfuta ba. Abin da ake buƙata shi ne tanadi. Ana kira ga sassan nazarin halittu su rubuta jerin manhajoji da sigoginsu a cikin takardar kwas, su ɗora wa malami ɗaya da ma'aikacin ɗakin gwaji ɗaya alhakin haɗa kundin da gwada shi kafin zango, su kuma lissafa wannan a matsayin aikin koyarwa. Hukumomin makarantu, a lokacin da suke tsara abin da za su nema daga TETFund, su sa sola da batir na ɗakin kwamfuta a sahun gaba. Makarantun Potiskum, Damaturu da Gashuwa kuma su yi amfani da kundi ɗaya, domin ɗalibansu su iya kwatanta sakamakonsu da na juna.