Magana Jari Ce da Matsalar Tantance Bayanan Bugu

Duk da shaharar da Magana Jari Ce ya yi a makarantun ƙasar Hausa, manazarta sun daɗe suna saɓa wa juna game da shekarar fitowarsa. Tushen saɓanin kuwa a fili yake. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ta Jihar Neja ta yanzu, ya rubuta littafin ne a Zariya a 1936 bisa gayyatar Dokta Rupert East na Hukumar Talifi. Littattafan guda uku sun fito ne tsakanin 1937 da 1939. Saboda haka wanda ya ɗora wa dukansu shekara ɗaya ya riga ya kauce.

Daga baya aikin ɗab'i a Zariya ya yi ta sauya hannu. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA ta zo ta rushe a 1959, sannan NNPC ya bayyana a 1966. Ɗalibi yakan ɗauki kwafen da ke hannunsa, ya kwafi shekarar sake bugu a matsayin ta asali, wani kuma ya kwafa daga gare shi. Ta haka littafin da aka rubuta kafin Yaƙin Duniya na Biyu yakan koma ɗan bayan samun mulkin kai, a kuma gina hukunci a kan wannan kuskuren. Sunan Jacqueline de Naeyer, wadda ta zana hotunan, sau da yawa ba a ko ambatonsa.

Batun tushen labaran ya fi wannan nauyi. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus da wasunsu, ya yi musu riga da wando na Hausa. Cewa kawai “an aro daga Larabci” ba ta gamsar da mai nazari, sai an ɗora kowane labari kusa da mafarinsa, irin aikin da Ibrahim Malumfashi ya duƙufa a kai.

Sunan wuri ma yakan yaudari mai tsara katalogi. Tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Ibadan a 1952, bai shafi babban birnin tarayya ba. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 yake nufi, wanda ya bar wa sabon birnin sunansa bayan 1976, ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau.