Sabunta manhajar cikin kamarar hoto: abin da ya kamata mai kamara ya sani

Kamarar hoto ta zamani ƴar ƙaramar ordinatar ce da aka sa wa ido. A cikinta akwai wata manhaja da kamfani ya zuba tun daga masana'anta. Ita ke tada kamarar in an kunna, ta auna haske, ta saita ido a kan fuskar mutum, ta rubuta hoto a kan kart memwar. A menun kamara sunanta Firmware, wasu takardun Faransanci kuma su ce micrologiciel. Mu a nan za mu ce mata manhajar ciki. Lokaci zuwa lokaci kamfani yana fitar da sabuwa kyauta a shafinsa na intanet, shi ne abin da masu sana'a ke cewa mizajur.

Ga mai ɗaukar hoton aure, suna da bukukuwan Salla, kamara ita ce jari. Mizajur na iya ƙara mata ƙarfi, amma in aka katse aikin a tsakiya, tana iya mutuwa murus ta ƙi kunnuwa. Shi ya sa ya kamata a san yadda ake yi kafin a taɓa.

Me sabuntawa ke kawowa?

Na farko, gyaran kuskure: kamara mai daskarewa, ko mai ƙin karanta wani irin kart, ko mai nuna cajin batiri ba daidai ba. Na biyu, ta fahimci kayan da suka fito bayanta, kamar sabon objektif ko filashi. Na uku, ƙarin aikin da babu shi a da.

Misalai suna nan. A watan Maris 2010, Canon ta ba 5D Mark II damar ɗaukar bidiyo a kan hoto 24 da 25 cikin daƙiƙa. A 2012 lamba 2.0 ta Canon 7D ta ɗaga yawan hotunan RAW da ake ɗauka a jere daga 15 zuwa 25. A Afrilu 2019 lamba 3.0 ta Sony A7 III ta koya mata bin idon dabba, a watan Mayu na wannan shekara kuma Nikon Z6 da Z7 suka samu bin idon mutum da lamba 2.0. Canon R5, wadda aka yi ta kuka da zafinta in ana bidiyo, ta samu lamba 1.6.0 a Yuli 2022, wadda ta ba mai ita zaɓin barin ta ta jure zafi fiye da da kafin ta kashe kanta. Wanda ya taɓa ɗaukar buki da rana tsaka a watan Afrilu ya san darajar wannan.

Dole ne a yi?

A'a. Kamfani yana rubuta jerin abin da kowace lamba ta gyara. A karanta tukuna. In matsalar da aka ambata ta shafe ka, ko kana son sabon aikin, to ka yi. In kamararka lafiya lau take kuma gyaran na objektif ɗin da ba ka da shi ne, babu gaggawa.

Abu biyu a riƙe. Yawancin kamarori ba su yarda a koma tsohuwar lamba ba in an riga an hau sabuwa. Sannan sabuwar ma tana iya zuwa da nata kuskuren: waccan ta 5D Mark II, lamba 2.0.3, ta zo da matsalar sauti, sai da aka bi ta da 2.0.4 cikin ƴan kwanaki. Don haka kada ka yi mizajur ana gobe aure. Ka bari sai ranar da babu aiki a gabanka.

Akwai kuma zancen batiri. A 2009 Panasonic ta fitar da sabuntawar da ta hana wasu kamarorinta na Lumix aiki da batirin da ba nata ba. In duk batiranka na kasuwa ne, ba na asali ba, ka tambayi abokan sana'a masu irin kamararka da suka riga suka sabunta.

Shiri kafin a fara

Ka tabbatar da sunan kamararka harafi da harafi. Nikon D3100 daban, D3200 daban. Kamara ɗaya kuma tana iya samun suna uku gwargwadon ƙasar da aka sayar da ita: Canon 600D ita ce Rebel T3i a Amurka, ita ce Kiss X5 a Japan. Masu sayen okaziyon su lura da wannan.

Ka duba lambar da ke ciki yanzu. A Canon tana cikin menu mai alamar sifana, a Nikon tana ƙarshen menun reglaj. In ta yi daidai da ta shafin kamfani, an gama, babu abin yi.

Ka cika batiri taf. Kada ka dogara da wutar gida, don in ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ɓarna ta auku.

Ka kwashe duk hotunan da ke kan kart zuwa ordinatar, sannan ka yi masa forma a cikin kamarar kanta. Forma tana share komai, har hotunan mutane da ba a kai musu ba. Kart ɗin ya zama mai kyau wanda ka sani, ba jabu ba.

Ka sauke fishiyen daga shafin kamfanin kawai. Wanda aka turo ta WhatsApp ko aka kwafo a kle USB ɗin wani, a bar shi. In rezo ya yanke ana saukewa, ka sake daga farko, ka kuma gwada nauyinsa da wanda aka rubuta a shafin.

Yadda ake yi

Sau da yawa fishiyen yana zuwa a dunƙule, sai an warware shi a ordinatar. Abin da ke ciki shi ake so: na Canon yana ƙarewa da .FIR, na Nikon da .bin, na Fujifilm da .DAT. Kada a canza masa suna. A ajiye shi a bakin kart, wato wurin da ake gani da zarar an buɗe, ba cikin dosiyen DCIM ba. Fishiye ɗaya tak.

A mayar da kart cikin kamara. A Canon, a juya zuwa P, a shiga wurin lambar manhaja, a danna SET, a amince. A Nikon, a shiga wurin lambar, a zaɓi sabuntawa. A Fujifilm, a riƙe maɓallin DISP/BACK sannan a kunna kamarar. Sony ta fi daɗewa tana bi ta wayar USB da ordinatar, ko da yake sababbinta suna karɓa ta kart. Olympus da OM System suna bi ta manhajar OM Workspace. Wasu sababbin kamarori kuma ana iya sabunta su ta wayar salula, misali da SnapBridge na Nikon.

Da zarar layin ci gaba ya bayyana a ekran, hannu ya bar kamara. Ba a kashe ta, ba a buɗe murfin batiri ko na kart, ba a cire objektif, ba a danna komai. Aikin ƴan mintoci ne. A ajiye ta a inuwa, a kan tebur, nesa da yara, a jira ta faɗa da kanta cewa ta gama.

Bayan an gama

A kashe, a kunna, a sake duba lambar. A yi wa kart forma don fishiyen ya fita. A duba kwanan wata da sauran reglaj, don wani lokaci suna komawa yadda suka fito daga kamfani. Sannan a ɗauki hotuna da ɗan bidiyo na gwaji, da kowane batiri da kowane objektif.

In ta ƙi

In kamarar ba ta ga fishiyen ba, galibi an bar shi a dunƙule ne, ko an sa shi cikin dosiye, ko na wata kamara ne, ko batiri bai cika ba. A gyara, a sake. In kuwa ta katse a tsakiya ta ƙi kunnuwa, a cire batiri, a sa cikakke, a gwada da kart ɗin a ciki. In har yanzu shiru, a kai wa mai gyaran kamara da ya san aikin, kada a kwance ta a gida. Wanda bai saba ba, gara ya nemi abokin sana'a da ya taɓa yi su zauna tare karon farko.