Tsayuwar Masoya: Daga Bangon Khajuraho zuwa Gaban Kyamara

A garin Khajuraho da ke jihar Madhya Pradesh ta Indiya, sarakunan Chandela sun gina wuraren bauta tsakanin shekarun 950 da 1050 Miladiyya, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1986. A bangon mafi girmansu, Kandariya Mahadeva, an sassaƙa mace da namiji a tsaye fuska da fuska, hannunsa a ƙugunta, ita kuma ta ɗaga haɓa tana dubansa. Idon kowannensu yana kan ɗan'uwansa, kamar ba su san da mai kallo ba.

Finafinan batsa ma suna nuna irin wannan tsayuwa, amma sun sauya mata alƙibla. Hujjar wannan maƙala ita ce kyamara ke zaɓar yadda jiki zai tsaya a waɗannan finafinai, ba 'yan wasan ba.

Linda Williams, masaniyar nazarin fim 'yar Amurka, ta nuna a littafinta Hard Core na 1989 cewa an gina sana'ar ne kan fito da komai fili yadda ido zai gani. To amma mutum biyu da suka rungumi juna da gaske suna tare wa kyamara hanya. Don haka darakta yakan buɗe tsakaninsu, ya karkata kafaɗa, ya juyo da fuskar macen wajen fitila. A ɗauka, a yanke, a huta, a sake. Gajiyar ƙafa, da neman izini, da maganar da ke shiga tsakanin mutum biyu, duk mai tace hoto yakan zubar da su.

Illar tana fitowa ne idan aka mai da waɗannan finafinai makaranta. Rahoton Kwamishinar Yara ta Ingila, Rachel de Souza, na 2023 ya gano cewa a matsakaicin lissafi yara kan fara ganin batsa suna da shekara 13. Wayar da ke hannun matashin Kano ko Damagaram ma tana kai shi ga waɗannan hotuna, tun kafin wani babba ya zauna da shi kan zamantakewar aure.

Saboda haka bai wadatar malamai da iyaye su tsaya ga hani kaɗai ba. Akwai buƙatar su fayyace wa matasa yadda ake shirya waɗannan finafinai, domin ango kada ya shiga ɗakin amaryarsa yana auna ta da abin da darakta ya tsara don kasuwa.