Daga Kaset Zuwa Filash: Tarihin Naɗar Wasan Gem da Abin da Ya Ɓace Mana a Boɗinga

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba.

Kwanan baya muna zaune da dare wurin mai shayi a nan Boɗinga, sai gardama ta kaure: wane ne gwanin ƙwallon gem da ba a taɓa yin irinsa ba a yankin nan? Wani ya ce ai wani yaro ne da ya zo daga Shagari wata Sallah, ya cinye kowa da hannun gem mai mataccen maɓalli. Wani ya yi tsalle ya ce, "Ƙarya ta! Ina wurin, cin shi anka yi!" Ana cikin haka wani ƙanenmu da bai wuce shekara 15 ba ya ce, "To Yaya, ina bidiyon?"

Wurin ya yi tsit. Babu bidiyo. Shekaru mun kwashe muna zuba kuɗin tara a gidan gem, amma ko minti ɗaya ba mu da shi na nunawa. Wannan tambayar ce ta sa na bi tarihin yadda ake naɗar wasan gem, in ga ko laifinmu ne ko na zamani.

Mu fara da zamanin kaset. Na'urorin da, tun daga Sega har PlayStation ta farko da ta fito a Japan a 1994 da PS2 ta shekarar 2000, ana iya haɗa su da talabijin ta wayoyi uku da kowa ya sani: ruwan ɗorawa ta hoto, ja da fara na sauti. Dabarar naɗa a lokacin ba ta da wuya. Maimakon ka kai wayoyin ga talabijin kai tsaye, sai ka soka su a bidiyo mai kaset, shi kuma ka haɗa shi da talabijin, ka danna naɗa. A Amurka, wata cibiya mai suna Twin Galaxies da Walter Day ya kafa a 1981 ta daɗe tana karɓar irin waɗannan kasakasai a matsayin shaidar wanda ya kafa tarihi. In ka ce ka fi kowa, to aiko kaset.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ma muna da wannan bidiyon a ɗakunanmu. Da shi muka kalli finafinan Hausa, masana'antar da ita kanta a kan kaset ta tashi, tun daga Turmin Danya na 1990 a Kano. Kayan aiki na gabanmu, tunanin ne bai zo ba. Iyakar abin da muke yi shi ne adana maimaicin ƙwallo mai kyau a memorin PS2 mai megabait 8. Shi kuwa wannan ba bidiyo ba ne, sai cikin wasan yake buɗewa. Ranar da mai gida ya goge memori don ya samu wuri, shi ke nan, an yi jana'izar ƙwallonka.

Don ku ga darajar naɗa, ku ji wannan. A 2004, a gasar Evo da aka yi a Kaliforniya, Daigo Umehara na Japan ya kara da Justin Wong na Amurka a wasan Street Fighter III. Ran ɗan wasan Daigo saura ƙiris, bugu ɗaya ya isa ya kashe shi. Justin ya sako masa hari mai bugu 15 a jere, Daigo ya kare su ɗaya bayan ɗaya, ya juyo ya cinye. Ɗakin ya ɗauki ihu. Bidiyon kusan minti ɗaya ne kacal, amma har yau ana kallonsa, ana koyon wasa da shi. Da ba a naɗa ba fa? Da ya zama irin labarin yaronmu na Shagari, wani ya ce an yi, wani ya ce ƙarya ne.

Daga nan abubuwa suka fara gudu. YouTube ya zo a 2005, aka samu inda za a ajiye bidiyo kowa ya gani. Ga kuma ƙananan na'urori irin su Dazzle da EasyCAP, masu karɓar wayoyin nan uku su miƙa hoton cikin kwamfuta. Hoton dishi-dishi ne, amma dai akwai shi.

Sai PS3 ta fito a 2006 da wayar HDMI, hoto tangaran, amma da kulle a ciki. Ana kiran kullen HDCP, an yi shi ne don hana satar finafinai, sai ya hana masu gem naɗar wasansu ta wannan wayar. Dole mai son naɗa ya koma ga wata waya mai baki biyar, uku na hoto, biyu na sauti. A 2011 aka buɗe Twitch, dandalin nuna wasa kai tsaye. A 2012 kamfanin Elgato ya fito da Game Capture HD, ɗan akwatin ɗaukar hoto da ke zama tsakanin gem da talabijin. A wannan shekarar kuma manhajar OBS ta bayyana, kyauta, har gobe. Zuwa 2014 Amazon ta sayi Twitch a kan dala miliyan 970. Abin da ake kira shiririta a gida, ga kuɗin da wasu suka zuba a kan kallonsa kawai.

Babban sauyi a wurin talaka shi ne PS4 ta 2013. Sony ta sa maɓallin Share a jikin hannun gem, na'urar kuma tana riƙe da mintuna 15 na ƙarshe na wasanka ko ba ka ce ta naɗa ba. A watan Afrilun 2014 aka ƙara damar kwashe bidiyon zuwa filash, da damar kashe kullen HDCP lokacin wasa. Wato abin da a da sai mai kwamfuta da akwati na musamman, yanzu filash ɗaya ya wadatar.

To a nan uzurinmu ya ƙare. Na kaset mu ce ƙuruciya, na PS3 mu ce tsada. Na yau fa?

Ga yadda za a haɗa, matakai uku, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa.

Na farko, mai PS4 ko PS5: danna maɓallin adanawa bayan wasa, ka kwashe a filash, ka mayar waya. Ba ka kashe ko sisi ba bayan kuɗin filash.

Na biyu, mai son ya haɗa da sharhi: waya daga gem zuwa akwatin ɗaukar hoto, wata daga akwatin zuwa talabijin, sai ta USB zuwa laftof mai OBS. Ka kashe HDCP a saitin gem, in ba haka ba baƙin allo za ka gani. 'Yan wasa su kalli talabijin, kada su kalli laftof, don hotonsa na ɗan makara. Kuma ka sa OBS ya adana a tsarin mkv. Da mp4 na yau da kullum, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar naɗa, fayil ɗin na iya lalacewa gaba ɗaya. Ni ganau ne, wasan ƙarshe na wata gasa da muka shirya haka ya tafi.

Na uku, mai PS2 ko PS3 da ba shi da komai: jingina waya a kan abu mai ƙarfi, saita ta ga allo, rufe taga saboda haske, a kai janareta nesa. Da babu gara ba daɗi.

Ko wane ka ɗauka, kada ka bar sauti. Hoton gem iri ɗaya ne daga Tokyo har Sakkwato. Abin da babu a ko'ina sai nan shi ne muryarmu: tsokanar da ake yi, kirarin da ake wa mai ci, da Sakkwatancin da ke fita in an zura ƙwallo a minti na 90. Ka rubuta kwanan wata da sunan unguwa a kan kowane fayil. Ka nemi izinin mutum kafin ka sa fuskarsa a intanet, yara ƙanana kuma a bar su. In da caca a wurin, kashe kyamara, a fara gyara wannan tukuna. Lokacin sallah da na makaranta kuma ba na gem ba ne.

Ba zan yi muku alƙawarin arziki ba. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, kuma da yawa ba sa kaiwa. Amma wanda ya iya haɗa hoto da sauti, ya iya yanka bidiyo, ya riƙe sana'a. Hannun da ya naɗi gasar gem shi zai naɗi walima, wa'azi, da taron ƙungiya.

Kuma mu tuna inda muke. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a nan Boɗinga, ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa da bayanin abubuwan da suka faru a idonsa. Ba ina haɗa gem da aikin bayin Allah ba ne, ko kusa. Ina dai cewa mu jikokin mutanen da ba su bar zamaninsu a bakin gardama ba ne, sun ajiye shi.

Saboda haka gasar Sallah mai zuwa, ko a Boɗinga ko a Shagari, a samu mutum ɗaya da aikinsa naɗa ne kawai. Wanda kuma ke da tsohon hoto ko bidiyon gidan gem na garinsu, ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, da shekara da sunan gari. In kuwa yaron nan na Shagari yana karantawa, Malam, fito ka raba mana gardama.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.