Wa ke Biyan Kuɗin Magani?

Jama'ar Isa da Sabon Birni! Kullum a ɗakin magani sai na ji dattijo ya ce, "A zamanin En'e kyauta mu ke shan magani." To, ku saurara ku ji asalin maganar.

Maganin nan na dā ba daga sama ya faɗo ba. Daga Baitulmalin En'e ta Sakkwato a ke sayensa, watau da harajinku da jangalin shanunku. Kun riga kun biya tun kafin ciwo ya zo, shi ya sa ba ku ji nauyinsa ba.

Bayan 1980 kuɗin man fetur ya faɗi, kantocin asibiti suka bushe. Sai a rubuta wa mutum takarda, a ce ya tafi kemis. Mai hali ya saya, maras hali ya sayi rabi, ciwo kuwa ya komo.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, suka shirya cewa majiyyaci ya biya kuɗin maganinsa, a juya kuɗin a sayo wani. Inda aka riƙe amana magani ya samu, amma talaka na nan da nauyinsa.

A 1999 aka yi dokar inshorar lafiya, ta soma aiki a 2005. Ma'aikacin da ya shiga, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ya ke biya. In maganin na naira 2,000 ne, nasa naira 200. Amma manomi da makiyayi ba su samu shiga sosai ba.

Don haka dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi. Sa'an nan dokar 2022 ta wajabta inshora kan kowa, ta kuma ce a ɗauke wa masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta.

Amma fa doka ba ta san wanda ba a rubuta ba. Ku tambayi malamin asibitin gundumarku yadda a ke rubuta suna. In kun biya kuɗi, ku karɓi rasit. Kada kuma ku yanke magani don kun ji sauƙi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu lafiya, amin.