Ƙaguwar Gizo-gizo ta Japan

Ƙaguwar gizo-gizo ta Japan, wadda masana ke kira Macrocheira kaempferi, ita ce ta fi kowace ƙaguwa dogayen ƙafafu a duniya: in ta miƙe su, faɗinta kan kai mita 3.7. Tana zaune ne a ƙasan tekun Fasifik, kusa da tsibirin Honshu, a zurfin mita 50 zuwa 600, inda ruwa ke da sanyi da duhu.

Abin mamaki shi ne jininta. Sinadarin hemosayanin, mai ɗauke da jan ƙarfe, shi ke kai iskar oksijin sassan jikinta, shi ya sa jinin kan yi shuɗi. Ɓawonta ba ya girma, don haka sai ta yi saɓa, ta zare dogayen ƙafafun nan daga tsohon ɓawo. Ƙafar da ta gutsure kuwa takan sake tsirowa.